Sauya Fitilun Dashbod na Tsohuwar Mota Zuwa LED: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu tsofaffin motoci ne, irin su Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975, da Marsandi W123, da Volkswagen Beetle da ake ce wa Basuwaja, da sauran motocin da babu kwamfuta a wayarinsu. Ƙwayayen fitilar da ke bayan dashbod kashi biyu ne. Akwai masu haska fuskar geji da daddare, akwai kuma na gargaɗi: caji, baƙin mai, birki, sigina, fulayit. Kashi na farko sauya su zuwa LED, wato ƙwan fitila na zamani mai ƙarancin cin wuta, ba wuya. A kashi na biyu kuwa akwai waɗanda ba haske kaɗai suke bayarwa ba, wani aiki suke yi a cikin wayarin motar, kuma a nan ne yawancin ɓarna ke faruwa.

Me zan samu idan na sauya?

Haske mai kyau, da raguwar zafi. Ƙwai mai wat 3 yana jan kusan miliamfa 250 (ma'aunin yawan wuta ne, 1000 ke ba da amfa 1), kuma mafi yawan wannan wutar zafi take zama, ba haske ba. Shekara talatin ko arba'in na wannan zafi shi ke gasa robar da ke kewaye da ƙwan har ta yi ja ta fara farfashewa. Ƙaramin LED yana jan miliamfa 15 zuwa 60 ne, gwargwadon girmansa. Amma kada wani ya ce maka zai rage shan mai ko ya tsawaita ran batir. Duk fitilun dashbod in an haɗa su ba su kai rabin ƙwan babbar fitila ɗaya mai wat 55 ba.

Dashbod ɗina ya dushe sosai. LED ne maganinsa?

Sau da yawa ba shi ba ne. Duba abubuwa uku tukuna.

Na farko, madannin rage haske. A Marsandi W123 shi ne ya fi kashe hasken dashbod: wata siririyar waya ce a nannaɗe, wani ɗan harshe na ƙarfe yana gogarta, kuma tsatsa na cin su duka biyun. In ka juya shi haske ya riƙa kawowa yana ɗaukewa, to shi ne. Na biyu, ƙura. Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa ta kwanta a kan ƙwai da farin bangon da ke mayar da haske. Na uku, wayar da ke haɗa gidan geji da jikin mota. In ta saki ko ta yi tsatsa, duk fitilun za su yi rauni, wani lokacin ma allurar gejin mai ta motsa da zarar ka kunna fitila.

Ka auna da mita a bakin soket ɗin ƙwai, fitila a kunne, madannin rage haske a ƙure wajen haske. In kana ganin bolt 9 ko 10 alhali batir na ba da 12.5, akwai inda wuta ke salwanta a hanya, kuma LED ba zai gyara wannan ba. Shi kansa tsohon ƙwai yakan yi baƙi daga ciki saboda tsufa, har sabon irinsa kawai ya isa ya dawo da haske.

Wane irin ƙwai motata ke ɗauka?

Ciro ɗaya ka duba, don motar da ta shekara arba'in a hannun 'yan rewaya daban-daban ba lallai ta kasance yadda ta fito daga kamfani ba. Waɗanda aka fi samu su ne:

BA9s, mai gindin ƙarfe na milimita 9 da 'yan kunnuwa biyu, ana danna shi a murɗa. Yawanci wat 2 ne ko 4.

BA7s, ƙanensa mai milimita 7. Shi ne a agogon gudun Basuwaja.

T10, gilashi ne har gindi, gindin a baje, ana tura shi kawai. Yana zuwa da wat 3 da wat 5. Biyu masu wat 3 ne ke haska dashbod ɗin W123.

T5, irin T10 amma siriri, wat 1.2, wanda ya fi yawa a fitilun gargaɗi da bayan madannan hita.

Ka tafi da tsohon kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka jera shi da sabon. Ba gindi kaɗai ake dubawa ba, har da tsawo. LED da yawa sun fi ƙwan asali tsawo da milimita 3 zuwa 5, sai su tokari fuskar geji daga baya ko su ƙi shiga ramin gaba ɗaya.

Akwai ƙwan da bai kamata a taɓa ba?

Akwai: fitilar caji, ja mai hoton batir. Bar ta da ƙwanta na asali.

Dalili shi ne altanetar waɗannan motoci ba ta iya fara ba da wuta da kanta. Sai an ɗan tura wuta cikin nannaɗaɗɗiyar wayar da ke juyawa a cikinta ta zama maganaɗisu tukuna. Wannan wutar farko ta cikin ƙwan caji take bi: daga makulli zuwa ƙwan, daga ƙwan zuwa bakin altaneta mai alamar D+ ko 61 ko L. Shi ya sa yake kamawa in ka buɗe makulli. Da inji ya tashi altaneta ta fara aiki, ƙarfin wuta a gefe biyu na ƙwan ya zama daidai, sai ya mutu.

Ƙwai mai wat 1.2 yana barin kusan miliamfa 100 su wuce, mai wat 2 kuma kusan 170. LED kuwa sau da yawa kusan 20 kacal yake bari, kuma wannan bai isa ba. Abin da za ka gani shi ne mota ta tashi lafiya, amma ba ta caji sai an taka totur sosai inji ya yi kuka, wani lokacin ma ko an taka ba ta yi. Bayan kwana biyu ko uku batir ya kwanta, a ɗora wa altaneta laifi, a ciro ta a kai gyara alhali lafiyarta ƙalau.

Tsohuwar Basuwaja mai dainamo, wato abin cajin da aka yi amfani da shi kafin altaneta, ba ta dogara da ƙwan don fara caji ba, amma a can ma a yi hattara da shi. Bel ɗin da ke juya dainamo shi ke juya fankar da ke sanyaya inji. In jar fitilar ta kama ana cikin tafiya, mai yiwuwa bel ne ya tsinke, kuma tsayawa ake yi nan take. Ƙwan da ake dogaro da shi haka ba a gwaji da shi.

Idan dole sai LED nake so a wurin caji fa?

Sai ka haɗa resista, wato ɗan abin da ke taƙaita yawan wutar da ke bi ta cikinsa, a gefensa, ƙafa ɗaya a kowace wayar ƙwan, don wutar ta samu hanyar wucewa. Mai om 68 zuwa 100 (da om ake auna resista) ya yi, kuma ya zama mai ɗaukar wat 5, irin farin nan mai kama da alli. Mai om 82 yana wuce da kusan miliamfa 150, yana fitar da zafin kusan wat 2 muddin makulli na buɗe inji bai tashi ba, don haka kada ya jingina da roba ko rigar waya. A yi haɗin da dalma, ba murɗa waya a naɗe da salatif ba.

Ko da hakan, LED yakan ɗan yi ja-ja da dare in mota na silo, domin ɗan bambancin wutar da tsohon ƙwai ba ya ko ji, shi ya ishe shi ya nuna. Gaskiyar magana wahalar ta fi amfanin yawa, tunda ƙwai ne da ba ya wuce 'yan daƙiƙu a kunne.

Na sa LED bai kama ba. Ya lalace ne?

Da wuya. LED ta gefe ɗaya kawai yake karɓar wuta. In T10 ne ko T5, ciro shi ka juya shi ka mayar. In ya ƙi, ɗan buɗa siraran wayoyin gindinsa waje da farce, don sau da yawa ba sa taɓa ƙarfen soket.

Masu gindin ƙarfe ba sa juyuwa haka, tunda tsakiyarsu ce fozitif, jikinsu nagetif. A yawancin motoci hakan daidai ne. Amma tsofaffin motocin Ingila, irin Land Rover na kafin 1967 da Morris Minor na wancan zamani, fozitif ne a haɗe da jikin mota. Haka kuma wasu fitilun gargaɗi, ko a motar da nagetif ke jiki, wuta na iya shigar musu ta jikin soket. Mafita a nan ita ce LED marar gefe, wanda ke da 'yan diyod a ciki (masu barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) da ke daidaita wutar ta duk inda ta shigo. Ya ɗan fi tsada, amma ya raba ka da sake kwance dashbod.

Me ya sa madannin rage haske ya daina aiki?

Saboda an yi shi ne don kaya mai nauyi. Resista ne mai canzawa, kuma yawan wutar da yake ragewa ya danganta da yawan wadda ke bi ta cikinsa. A ɗauka yana da om 10 in an juya shi ƙarshe. Ƙwayaye huɗu masu wat 3 suna jan kusan amfa 1, don haka zai rage musu bolt da dama, su dushe sosai. LED huɗu masu miliamfa 20 kuwa jimillarsu 80, abin da zai ragu bai kai bolt 1 ba. Ido ba zai ga bambanci ba.

Hanyoyi uku ne. Mafi sauƙi, bar ƙwayayen asali a bayan madannan hita da wurin toka, su ci gaba da jan wuta ta madannin. Hakan na dawo da wani abu na aikinsa. Ta biyu, ka zaɓi LED marar haske sosai tun farko ka haƙura da ragewa. Ta uku, wadda ta fi inganci, ita ce na'urar PWM, wadda ke kunna LED tana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa har ido ya ga kamar ya dushe. A nan akwai tarko: yawancin masu arha ta gefen nagetif suke yanke wuta, alhali fitilun dashbod nagetif ɗinsu a haɗe yake da jikin mota, sai na'urar ta zama ba ta da abin yankewa. Nemi wadda ke yanke fozitif.

Kada a raina wannan magana. Dashbod mai haske fiye da kima yana kashe ido a hanyar da babu fitilun titi, yana kuma haskowa a gilashin gaba daidai inda kake neman ganin mai keke ko dabba.

Wane launi ya dace?

Don fuskar geji, fari mai ɗumi na 2700K zuwa 3000K (K ma'aunin launin haske ne) shi ya fi kusa da hasken asali. Mai 6000K yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, yana sa allura mai ruwan lemo ta koɗe, kuma bai dace da tsohuwar mota ba. In akwai koriyar hular roba a kan ƙwan asali, ita ce ke ba da launin. Ko ka mayar da ita kan farin LED in ta shiga, ko ka sayi kore.

Don fitilun gargaɗi, launin LED ya bi launin gilashin da ke gabansa: ja bayan ja, kore bayan kore, ruwan ɗorawa bayan ruwan ɗorawa. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka shafe da sinadari, jan da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa in ka sa shi bayan jan gilashi sai ya fito fari-fari kamar ruwan hoda. Fitilar fulayit kuwa, wato shuɗiyar, a sa mata mafi rauni da za a samu, ko a bar ta yadda take. Shuɗin LED mai ƙarfi yana sokar ido, ga shi tana kunne ne daidai lokacin da hanya ta fi duhu.

Haske ya fito tabo-tabo, wani gefe fau wani gefe duhu. Me ya jawo?

Ƙwan asali yana watsa haske ta ko'ina, kuma a kan haka aka tsara gidan geji: hasken ya bugi farin bango, ya zagayo ta gefen fuskar. LED mai ido ɗaya a kai gaba kawai yake harbawa. Sayi mai idanu a kewaye da jikinsa, ko mai farar hula da ke watsa haske. In ka riga ka sayi mai gilashi garau, goge kansa da samfefa mai laushi har ya yi hazo.

A W123 hasken yana bi ne ta cikin wasu robobi masu kama da gilashi da ke saman gidan geji, su zubo shi a kan fuskar daga gaba. In wani ya taɓa sa musu ƙwai mai wat 5 maimakon 3, za ka tarar bakinsu ya narke ya yi baƙi, kuma babu LED ɗin da zai ratsa wannan sai an kankare an goge ko an sauya su. In farin cikin gidan ya koma ruwan ƙasa, wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ka shafa farin fenti marar sheƙi. Fuskar geji kuwa burushi mai laushi kaɗai za ta gani. Fetur ko tina na goge lambobin nan take.

Fitilar sigina ta dashbod gefe ɗaya kawai take nunawa. Yaya zan yi?

Wannan na faruwa a motar da ƙwai ɗaya ke nuna hagu da dama, kuma an haɗa ƙafafunsa biyu tsakanin wayar hagu da ta dama. In ka ba da hagu wuta ta bi ta nan, in ka ba da dama ta juyo, shi kuwa LED ɗaya kawai yake karɓa. Marar gefe yana warware wannan. In kuma ka sauya har ƙwayayen waje zuwa LED, za ka iya ganin duk huɗun suna ƙiftawa tare, don 'yar wutar da ke ratsa ƙwan dashbod ta isa ta kunna ɗaya gefen. Maganinsa diyod biyu 1N4007: ɗaya daga wayar hagu, ɗaya daga ta dama, a haɗe ɓangarorinsu masu zobe wuri ɗaya zuwa fozitif ɗin LED, nagetif ɗinsa kuma a kai shi jikin mota.

Saurin ƙiftawa ko tsayawa cak ba daga ƙwan dashbod yake zuwa ba. Tsohon filasha, wato abin da ke sa sigina ƙiftawa, da zafin wutar ƙwayayen waje masu wat 21 yake aiki. In an sauya su, sai a sa filasha na lantarki.

Fitilar ƙarewar mai ta ƙi mutuwa ko tanki a cike. Me ya faru?

Wasu motoci, musamman tsofaffin na Japan, suna da wani ɗan resista mai jin zafi a cikin tanki. In yana nutse a mai, man na sanyaya shi, wuta kaɗan ce ke wucewa, ba ta isa ta kunna ƙwan asali ba. Amma ta isa ta kunna LED. Mayar da ƙwan asali. Haka ma fitilar dumama inji a motocin dizal, a bar ta.

Yaya ake aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Kayan aiki: sukurdireba, sifana mai lamba 10, mita, roba mai goge fensir, burushi, da tsumma da za a shimfiɗa a kan wuyan sitiyari don kada gilashi ya karce.

1. Cire kan batir na nagetif. Akwai wayoyi a bayan dashbod da ke da wuta ko makulli na kashe.
2. Sa hannu ta ƙasa ka kwance kebul ɗin agogon gudu, don shi ke riƙe gidan geji ya hana shi fitowa.
3. Fito da gidan a hankali. Na W123 ba sukurori ke riƙe da shi ba, roba ce ta matse shi, ana turo shi ne daga baya. Gejin baƙin mansa kuma siririn bututu ne ke kawo masa mai kai tsaye daga inji. Kwance shi da sifana, kuma kada a tayar da inji yana kwance, in ba haka ba baƙin mai zai wanke cikin mota.
4. Ɗauki hoton bayan gidan da waya kafin ka zare komai, ka sa wa kowane soket alama.
5. In akwai siririyar takardar roba mai layukan tagulla a baya, kada ka lanƙwasa ta. Goge wuraren da soket ke taɓawa da robar fensir har su yi ƙyalli.
6. Sauya ƙwai ɗaya-ɗaya, kana tsallake na caji.
7. Haɗa wayoyi da bututun mai, mayar da kan batir, ka gwada tun gidan bai koma mazauninsa ba: ƙaramar fitila, sigina hagu da dama, fulayit, birkin hannu, sannan buɗe makulli ka ga caji da baƙin mai sun kama. A inuwa ko da magariba ake wannan gwaji.
8. Tayar da inji, ka ga sun mutu, ka auna kan batir. Bolt 13.8 zuwa 14.4 ake nema. In yana nan a 12 da ɗoriya, ba ta caji.

Fitilar baƙin mai ita ce aka fi mantawa, kuma in ta shiga a juye babu abin da zai sanar da kai ba ta aiki.

Wata biyu kawai suka yi suka fara ƙiftawa suna mutuwa. Ba an ce LED na daɗewa ba?

Yana daɗewa in ba a matsa masa ba. Masu arha an lissafa resistarsu a kan bolt 12, alhali mota na gudu a kan 14 da wani abu. Ga lissafin farin LED guda: yana cin kusan bolt 3.2, yana son miliamfa 20. A bolt 14.4 saura 11.2, a raba da 0.02, ya ba da om 560. Wanda aka yi wa lissafi da 12 om 440 zai samu, don haka kullum yana shan abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙara da zafin dashbod ɗin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, sai dalmar cikinsa ta saki. Nemi wanda aka rubuta yana ɗaukar bolt 10 zuwa 16 ko fiye. In kuma mita na nuna sama da 15 a kan batir, regileta mai daidaita caji ce ta lalace, kuma ita za a fara gyarawa kafin ta dafa batir ɗin ma.

Mai shago ya ce in sayi mai CANbus, ya fi kyau.

Ba ka buƙatarsa. An ƙara masa resista ne don ya yaudari kwamfutar sabbin motoci ta ɗauka ƙwan asali ne a wurin. Motarka ba ta da wannan kwamfuta, abin da zai ƙara maka kawai zafi ne a cikin tsohuwar roba.

Tun da na sauya zuwa LED, rediyo ke shiii, musamman a gajeren zango.

Wasu LED da na'urorin PWM suna da da'ira mai yanke wuta da sauri sosai, kuma tana watsa hayaniyar da matsakaici da gajeren zango ke kamawa fiye da FM. Kashe ƙaramar fitila ka saurara. In ƙarar ta ɗauke, su ne. Nisanta wayarsu da ta eriya, ka tabbatar jikin rediyo na haɗe da jikin mota sosai. In ta ci gaba, koma wa LED mai resista zalla.

Motata mai bolt 6 ce. Zai yi?

Basuwajar da aka yi kafin samfurin 1967 bolt 6 ce, sai dai in an riga an mayar da ita 12. Duba batir. LED na 12 a kan 6 ko ya yi ɗan ja-ja ko ya ƙi kamawa sam, na 6 a kan 12 kuma take yake ƙonewa. Akwai BA7s da BA9s na bolt 6, sai dai ba kowane shago ke ajiye su ba, a kan yi odarsu ne.

Zan iya liƙa zaren LED a cikin gidan geji maimakon ƙwai?

Ana yi, kuma haskensa ya fi bazuwa daidai, amma gam ɗin da ke bayansa ba ya jure zafi. In ya saki zaren na faɗowa kan allura ya tsayar da ita. A ƙara masa ɗigon silikon a kowane santimita 3 ko 4, a yanka shi a kan layin da aka yi wa alama kawai, a kuma ɗauki wutarsa daga soket ɗin ƙwan asali don ya kasance a bayan fiyus ɗin ƙaramar fitila. Kada a huda gidan geji ko a yanke wayar asali, kuma tsofaffin ƙwayayen da soket ɗinsu a zuba su a leda a rubuta inda kowanne ya fito, don wasu daga cikin soket ɗin nan yanzu sai a jikin motar da aka yanka ake samunsu.